Dashen turmi: abin da ke tsakanin cire haƙori da komawa tauna

Haƙorin da ya fi saurin barin bakin baligi shi ne turmin farko, wato na shida idan aka ƙirgo daga tsakiya. Yana fitowa yaro yana da kimanin shekara 6, can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye da dama ke zaton shi ma za a yi famfararsa, sai a ƙyale shi da alewa da lemon kwalba. Ga samansa da kwarmi inda abinci ke maƙalewa. Kafin mutum ya kai talatin ya ruɓe, wata rana ciwo ya hana barci, a je a cire.

Da yake giɓin turmi ba ya fitowa in an yi dariya, sai a manta da shi, a koma tauna da ɗaya gefen. Amma baki ba ya zama yadda aka bar shi. Turmin da ke baya yakan karkato gaba ya kwanto cikin giɓin. Abokin cizonsa na sama ko na ƙasa, da ya rasa abin da zai tokare shi, sai ya riƙa zarowa a hankali. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne wanda ido ba ya gani: ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar haƙori yana nan ne saboda saiwar, da zarar ta tafi sai ya fara zaizayewa. A shekarar farko faɗinsa kan iya raguwa da kusan rabi, kuma mafi yawan asarar a wata uku na farko take faruwa. Duk maganar dashen haƙori a kan wannan ƙashi take tsaye. Wanda ya zo bayan wata uku da wanda ya zo bayan shekara goma ba aiki ɗaya za a yi musu ba, kuma ba kuɗi ɗaya za su biya ba.

Dashen ba haƙorin Makka ba ne, wanda ake lulluɓa wa haƙori mai rai. Ba kuma haƙorin roba ba ne da ake cirewa da dare a jefa a kofi. Abu ne mai sassa uku. Akwai saiwar ƙarfe mai zare irin na sukuru, wadda ake murzawa cikin ƙashi, galibi ta titaniyom. Akwai wuya, ɗan guntun da ake ɗaurawa a kanta ya ratso dasashi. Sai hula, wato haƙorin da ake gani ake kuma tauna da shi, wanda ake yi da zakoniya, wani farin abu mai tauri, ko tangaran da aka ɗora a kan ƙarfe. Saiwar turmi kan kai kaurin milimita 4 zuwa 6, tsayinta kuma daga 8 zuwa 13, gwargwadon ƙashin da aka samu.

Sirrin abin a jikin titaniyom yake. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark ne ya lura, tun a shekarun 1950, cewa ƙashin zomo ya manne da wani ɗan bututun titaniyom da ya saka masa don wani bincike daban, har ya ƙi fita. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag. Ƙashi ba ya ɗaukar wannan ƙarfe a matsayin baƙo, yana tsirowa ne ya kama jikinsa kai tsaye. Ba ya tsatsa a baki, kuma ba ya hana a ɗauki mutum hoton MRI, sai dai a gaya wa mai ɗaukar hoton cewa yana nan.

Kafin a taɓa baki, likitan da ya san aikinsa zai fara da tambayoyi, kuma a nan ne bai kamata a ɓoye komai ba. Ciwon suga ba ya hana dashe, amma wanda ba a shawo kansa ba yana hanawa, domin rauni ba ya warkewa da wuri kuma ƙwayoyin cuta na samun gindin zama. Ana duba gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce. Ana so ya kasance wajen kashi 7, in ya haura 8 gara a fara zuwa wurin likitan suga. Hawan jini a daidaita shi tukuna. Mai shan maganin tsinka jini, kamar wafarin ko asfirin, ya faɗa, amma kada ya daina sha da ra'ayin kansa. Mai sikila sai an yi shawara da likitan jininsa. Wanda aka taɓa gasa masa ciwon daji a kai ko wuya, da wanda ke karɓar magungunan ƙarfafa ƙashi irin su alendironet ko zolediron, suna cikin haɗarin mutuwar ƙashin muƙamuƙi bayan tiyata, don haka nasu lissafin daban ne. Ba a yi wa yaro dashe sai muƙamuƙi ya gama girma, wajen shekara 18 zuwa sama, saboda saiwar ƙarfe ba ta tafiya tare da ƙashi mai girma, za a wayi gari an bar ta a baya. Mai juna biyu ta bari sai ta sauka.

Taba sigari da shisha kuwa, babu sassauci a kansu. Hayaƙi na tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da dasashi, kuma dashe ya fi lalacewa a bakin mashaya taba nesa ba kusa ba. Wanda ba zai iya ajiye ta ba aƙalla mako ɗaya kafin aiki da wata biyu bayansa, a ganina ya adana kuɗinsa.

Daga nan sai bakin kansa. In dasashi na zubar da jini, haƙora na girgiɗi, ga dattin da ya daskare a gindinsu, sai an wanke an magance wannan kafin a yi maganar dashe, domin ƙwayoyin cutar da suka cinye ƙashin haƙoran asali su ne za su cinye na dashen. Sai a auna giɓin. Turmi na buƙatar faɗin kimanin milimita 10 tsakanin maƙwabtansa, da tsayin kimanin 7 daga dasashi zuwa haƙorin da ke fuskantarsa. In maƙwabci ya kwanto ko na sama ya zaro ya cinye filin, sai an ɗan rage shi ko an mayar da shi da wayar gyaran haƙora, wanda ƙarin watanni ne.

Hoto shi ne ke raba gardama. Ɗan ƙaramin hoton da ake ɗauka a kujera da babban hoton muƙamuƙi da ake kira OPG suna nuna tsayin ƙashi, ba sa nuna kaurinsa. Hoton CBCT ne ke nuna shi ta kowane ɓangare, a auna shi da milimita. Ba kowane asibiti ke da injin ba, kuma mai yiwuwa a tura mutum wani gari don shi kaɗai. Wannan tafiya ba asara ba ce, musamman a turmi, saboda abubuwa biyu da ke kwance a wurin.

A muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ke bi ta cikin ƙashi, ƙarƙashin saiwoyin turame, ita ce ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Ƙa'ida ita ce a bar aƙalla milimita 2 tsakaninta da ƙarshen saiwar ƙarfe. In aka taɓa ta, leɓe ya mutu ke nan, wani lokaci na makonni, wani lokaci har abada; mutum ya sha shayi yana zuba bai sani ba. A muƙamuƙin sama kuma akwai kogon iska a cikin kunci, mai haɗe da hanci, wanda ke zaune daidai kan saiwoyin turame. Bayan an cire haƙori kogon kan faɗaɗo ƙasa, ƙashi kuma na zaizayewa daga ƙasa, har a tarar saura milimita 3 ko 4 kacal. A nan sai an ɗaga shimfiɗar kogon an cusa garin ƙashi a ƙarƙashinta. In abin da ya rage ya kai milimita 5 ko 6, ana iya ɗagawa kaɗan ta ramin da aka haƙa a dasa a rana ɗaya. In bai kai ba, sai an buɗe ƙofa ta gefe, a cika, sau da yawa a jira wata shida kafin a dasa.

Garin ƙashin nan ya cancanci tambaya. Wani daga jikin mutumin ake kankaro shi, wani na saniya ne da aka ƙone aka tace, wani haɗin masana'anta ne. Akwai kuma wata 'yar fata mai narkewa da ake rufe garin da ita, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa daga jikin alade ake yin su. Akwai na saniya da na roba a madadinsu. Wanda abin ya dame shi ya tambaya tun ranar shawara, ba ranar da ya riga ya buɗe baki ba.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi tunanin dashe tun ranar cire haƙori. Likita ya raba saiwoyin turmin ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya fasa bangon ramin ba, in da hali ya cika ramin da garin ƙashi, a jira wata uku zuwa huɗu. Wannan ya sa cire haƙori a wurin masu bi kasuwa-kasuwa da filaya yake da tsada daga baya, ko da ya yi araha a ranar: sukan ɓalle bangon ƙashi, ko su bar guntun saiwa a ciki. Ana iya dasawa a ranar da aka cire, amma ramin turmi ya fi saiwar ƙarfe faɗi sosai, samun inda za ta kama ba ƙaramin aiki ba ne, don haka ba kowa ya dace da shi ba.

Ranar aikin ba ta kai yadda ake tsoro ba. Allurar kashe zafi ce irin ta cire haƙori, mutum idonsa biyu. Saiwa ɗaya ba ta cika wuce awa guda ba. A tsaga dasashi a ɗaga, a fara huda ƙashi da siririn bakin injin mai kaurin milimita 2, a saka ɗan tsinke a duba ko ramin ya miƙe daidai da cizon mutum, sannan a riƙa sauya baki mai ɗan fi kauri har a kai girman da ake so. Duk tsawon wannan lokaci ruwan gishiri mai sanyi na zuba a kan bakin injin. Ba don wanke jini ba ne. Ƙashi na mutuwa in zafinsa ya haura digiri 47 na tsawon minti ɗaya, kuma mataccen ƙashi ba ya kama ƙarfe. Bakin injin da ya dakushe, ko gaggawa, ko ƙarancin ruwa, suna cikin manyan dalilan da dashe ke faɗuwa a makonnin farko. Ana barin aƙalla milimita 1.5 tsakanin saiwar da haƙorin kusa, da milimita 3 in saiwoyi biyu ne a jere.

Sai a murza saiwar a auna ƙarfin kamunta. In ta kama da kyau, wajen 30 zuwa 35 a ma'aunin ƙarfin murzawa da ake kira Ncm, ana iya ɗaura mata ɗan murfi mai tsayi da zai leƙo ta dasashi, a huta da tsagawa ta biyu. In kamun bai yi ƙarfi ba, ko an saka garin ƙashi, sai a rufe ta ruf a ɗinke.

A gida, a ciji audugar da aka saka na rabin awa zuwa awa guda. A ranar farko ba kurkure baki da ƙarfi, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar abu da tsinke, don kada gudan jinin da ya toshe rauni ya fita. Wajen alwala a sa ruwa a baki a hankali a bar shi ya zubo da kansa. Ƙanƙara a cikin tsumma a kunci, minti 15 a ɗora, minti 15 a sauke. Kumburi kan kai maƙura a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka. Farasitamol da ibufurofen sun isa ga yawancin mutane, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji na biyun. Daga rana ta biyu a riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko da maganin kulohezidin sau biyu a rana na mako ɗaya zuwa biyu. In aka zarce da shi yana rina haƙora. Wanda aka ɗaga wa kogon kunci kada ya fyace hanci na mako biyu, in atishawa ta zo ya buɗe baki, shaƙa ruwan alwala ma a yi ta sama-sama. Abinci: kunun da ya huce, fura da nono, alale, dafaffen ƙwai, faten dankali, tuwo mai laushi da miyar kuka, a ɗaya gefen. Ana cire zare bayan kwana 7 zuwa 10. Saboda shan magani a kan lokaci, ya fi a tsara tiyatar kafin azumi ko bayan salla.

Alamu uku ba a kwana da su. Leɓe ko haɓa da suka ci gaba da mutuwa bayan allura ta sake, wato bayan awa shida zuwa takwas: a kira likita a ranar, domin in saiwar ce ke danne jijiya, sassauta ta ko cire ta a kwana ɗaya ko biyu na farko shi ne ke ba da damar warkewa. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko kumburi a ƙarƙashin harshe da ke hana haɗiya ko numfashi: wannan na ɗakin gaggawa ne. Sai ciwon da ke ƙaruwa bayan rana ta huɗu, da zazzaɓi ko mugunya.

Sai jira, kuma a nan mutane ke gajiya. Muƙamuƙin ƙasa ƙashinsa mai tauri ne, wata biyu zuwa uku kan isa. Na sama ya fi taushi, sai wata huɗu zuwa shida. A makonni na biyu zuwa na huɗu saiwar ta fi rauni, domin kamun murzawa ya fara saki, ƙashin da zai maye gurbinsa kuma bai gama tsirowa ba. Motsi kaɗan a wannan lokaci, daga tauna ko yawan taɓawa da harshe, na sa tsoka ta zagaye ƙarfen a maimakon ƙashi, sai a tarar yana juyawa. In haka ta faru sai a cire, a bari ya warke wata biyu ko uku, a sake.

In ta kama, sai a ɗauki zubin baki da ƙullun awo ko da kyamarar da ke zagaya haƙora, a aika wa masu ƙera hula. Hula iri biyu ce wajen ɗaurawa. Wata da sukuru ake ɗaure ta ta wani ɗan rami a samanta, a toshe ramin. Wata da siminti ake manna ta a kan wuya. A turmi na fi son mai sukuru, saboda ana iya kwance ta a gyara a mayar, kuma babu fargabar ragowar siminti ya maƙale ƙarƙashin dasashi, wanda sananne ne wajen haddasa kumburi da zaizayar ƙashi shekaru bayan an manta da shi. Ana ɗaure sukurun da maɗauri mai ma'auni, daidai adadin da kamfanin ya faɗa, ba da ƙiyasin hannu ba.

Haƙorin asali yana zaune ne a kan wasu siraran zaruruwa da ke ba shi ɗan lilo, su kuma sanar da ƙwaƙwalwa nauyin cizo. Su ne ke sa mutum ya saki baki nan take in ya ci karo da tsakuwa a shinkafa. Dashe ba shi da su. Ba ya lilo, jinsa kuma kaɗan ne, ga shi turmi ne ke ɗaukar mafi nauyin tauna. Saboda haka ake saita hular ta taɓa abokiyar cizonta sama-sama. Tsire da kilishi da masara duk za su ciwu, amma fasa ƙashi, ɓare rake, tauna busasshiyar aya ko ƙanƙara, da buɗe kwalba, a bar su. Mai cizon haƙora cikin barci a yi masa robar da zai riƙa sakawa da dare. In hula ta fara motsi, galibi sukurun ciki ne ya kwance, gyaran 'yan mintuna. In aka ci gaba da tauna a kai sai sukurun ya karye a cikin saiwar, fito da guntun kuma wahala ce babba.

Ƙarfe ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa. Da fari dasashi ne ke ja yana zubar da jini in an goge, kuma a wannan mataki wankewa na mayar da shi lafiya. In aka bari sai ƙashi ya fara narkewa a kewayen saiwar, sau da yawa babu ciwo ko kaɗan, kuma abin da ya tafi da wuya ya dawo. Buroshi mai laushi sau biyu a rana, da ɗan siririn buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, su ne maganin. Asuwaki na da kyau ga saman haƙori, amma ba ya shiga ƙarƙashin kumatun hular inda datti ke taruwa, domin hular turmi ta fi saiwarta faɗi sosai. A je dubawa duk wata shida, a ɗauki ƙaramin hoto lokaci-lokaci a kwatanta da na ranar da aka ɗaura hula. Da irin wannan kula, fiye da tara cikin goma na dashe suna nan suna aiki bayan shekara goma.

Ga mutumin Bauchi ko Gombe, wurin farawa shi ne sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A can za a duba baki, a magance dasashi, a cire abin cirewa yadda ya kamata, a kuma faɗa wa mutum ko ya dace da dashe da inda zai nufa. Masu yin aikin sun fi yawa a Abuja da Kano da Legas, kuma wanda zai tafi can ya san cewa ba zuwa ɗaya ba ne: shawara da hoto, tiyata, cire zare, awo, ɗaura hula, dubawa. Kuɗin mota da masauki na cikin lissafi. Cire zare da wankin wata shida ana iya yin su a gida in an haɗa likitocin biyu tun farko. Ko ina ne, a tabbatar mai aikin likitan haƙori ne mai rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Mai ƙera haƙori da mai wanke haƙori suna da nasu aikin, amma huda ƙashi ba ya ciki.

Kayan duk daga waje suke zuwa, farashi na bin dala, kuma turmi ɗaya magana ce ta ɗaruruwan dubban naira zuwa sama. A nemi a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa: saiwa kaɗai ce ko har da wuya da hula, garin ƙashi da hoto suna ciki ko daban, wa zai ɗauki nauyi in saiwar ba ta kama ba. Ba kowane giɓi ne kuma ke buƙatar dashe ba. Haƙorin ƙarshe da ke fitowa bayan balaga ba a mayar da shi. Turmi na biyu ma, in na farko na nan lafiya, mutane da yawa na rayuwa ba tare da shi ba. In maƙwabtan giɓin sun riga sun ruɓe suna buƙatar hula, gada mai haƙora uku, wato sabon haƙori a tsakiya da ake ratayawa a jikin maƙwabtan biyu, na iya fin dacewa, ta kuma fi sauri. In kuwa lafiyarsu ƙalau, fiƙe su don a rataya gada asara ce, a nan ne dashe ya fi.

Abu na ƙarshe da za a karɓa kafin a bar asibiti shi ne takardar shaidar saiwar: sunan kamfani, samfuri, kauri, tsayi da lambar kwali, yawanci a jikin wata 'yar takarda mai manne da ke zuwa cikin kwalin. Straumann, Nobel Biocare, Osstem da sauran kamfanoni kowanne da irin sukurunsa da maɗaurinsa, na wannan ba ya shiga na wancan. Wanda aka yi wa dashe a Alƙahira ko Indiya ko Dubai, sukuru ya kwance masa a Gombe bayan shekara biyar, likitan da zai gyara sai ya san irin saiwar kafin ya yi odar abin kwancewa. A ɗauki hoton takardar a waya, a ajiye asalinta tare da hoton CBCT da hoton ranar ɗaura hula.